Hoton Matata Yana Cikin Gwangwani a Faransa

Zuwa ga Malam Ɗan Azumi, mai filin shawara.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Malam, don Allah ka taimake ni da shawara. Abin da ke raina ya fi ƙarfina, kuma duk wanda zan kai wa kuka a garin nan ya riga ya zaɓi ɓangarensa. Daga Magariya nake rubuto maka, ƙasar Damagaram, wajen mulkin Faransa. Jaridarku tana zuwa mana a hannun masu kamiyon, wato motocin kaya, da ke dawowa daga Kano, wani lokaci ta tsufa a hanya, wani lokaci ma sabulu aka naɗo a cikinta, amma filinka nake fara nema. Ka yi haƙuri da rubutuna. A lakwal, wato makarantar nasara, na koyi boko da faransanci, Hausa kuwa da kaina na koyi rubuta ta, ina kwaikwayon taku. Ba zan sa sunana ba, ko da yake ɓoyon banza ne, don daga Magariya har Dungas mutum ɗaya ne ke yawo da akwatin ɗaukar silima.

Ni mutumin Waca ne. Mahaifina ya rasu ina ƙarami, aka kai ni lakwal saboda an ce mai gari ya kawo yara, maraya kuwa ba shi da mai hanawa. Ban yi nisa a karatu ba. Na fito na kama aikin kula da injin wuta a bariki. Da aka kawo wa kumandan, nasaran da ke mulkinmu, motar silima, wadda ke zaga ƙauyuka tana nuna rigakafi da yadda ake adana gyaɗa, sai aka ba ni injin nuni. Ni ke ɗaura farin ƙyalle tsakanin itatuwa biyu bayan magariba, ni ke ɗaga murya ina mayar da maganar nasara Hausa. A nan ciwon ya kama ni. Mutane na kallon ƙyalle, ni ina kallon fuskokinsu. Duk wanda ke cikin hoton baƙo ne, mutanen Senegal ne ko na Bamako, gonarsu ba irin tamu ba, hularsu ba irin tamu ba. Ran nan a Kwaya wata tsohuwa ta tare ni ina naɗe waya, ta tambaye ni ko mu Allah bai yi mu da irin jikin da ke shiga ƙyalle ba ne. Kowa ya yi dariya. Ni na kwana da maganar.

Ana haka aka aiko wani nasara mai ɗaukar silima, wai ya ɗauki noman gyaɗa tun daga shuka har awo. Kansa fari fat alhali bai manyanta ba, sai mutane suka sa masa Tsoho, har shi ma ya koma amsawa. Yana neman wanda ya ji faransanci ya kuma san ƙauyuka, aka haɗa shi da ni. Mutumin kirki ne, sai dai gaggawa. Matsalarsa ɗaya: da ya ɗaga akwati, manoma sai su yar da hauya su ƙame kamar soja. Wata rana a gona ya miƙo mini akwatin don ya sha ruwa, na sa ido a ciki ina wasa, ya ga babu wanda ya kula da ni, kowa na aikinsa. Daga ranar ya fara koya mini. Yadda ake murɗa shi kamar agogo, yadda ake auna haske, yadda ake riƙe numfashi don kada hoto ya yi rawa. Akwatin ba ya daɗewa yana tafiya, gwargwadon mutum ya karanta Fatiha a natse ne, sai a sake murɗawa. Lokacin cirar gyaɗa ciwon shawara ya kwantar da Tsoho a Zinder, ni na ƙarasa aikin ni kaɗai. Da zai koma gida ya roƙi kumandan a bar akwati ɗaya a hannuna.

Malam, ga inda wahalar sana'ar take, don ban sani ba ko kun san ta a wajenku. Zaren da hoto ke hawa kansa ba a buɗe shi a nan. Haske ya taɓa shi, ya lalace. Sai a rufe shi a gwangwani, a liƙe, a aika Zinder, daga can har Faransa inda ake wanke shi. Maɗinki yana ganin rigarsa, magini yana ganin ɗakinsa, ni kuwa abin da na yi sai ya tafi ban gan shi ba.

A yawon nan na haɗu da Zuwera. 'Yar Dogo-Dogo ce, gidansu masu shanu ne da ke noma gero kuma. Nono ta kawo mana muna hutawa gindin gawo, ta tsaya ta ƙare wa akwatin kallo, ta ce wannan ai akwatin gulma ne, ya ga abu a nan ya je ya faɗa a can. Ban taɓa jin wanda ya gane sana'ata da sauri haka ba. Ba a zagayo shekara ba aka ɗaura mana aure, ta tare Magariya, Allah ya ba mu 'ya mace. Yarinyar ta ɗauko hasken uwarta, shi ya sa ake ce mata Baturiya.

Silimar gyaɗar ta ja damina biyu, don Tsoho ya aiko cewa akwai wuraren da ba su fito ba, in sake. A ƙarshen kaka ta biyu na kai Zuwera ganin gida, akwati na tare da ni, da ɗan guntun zare da ya rage a ƙarshen naɗi. Tsoho ya taɓa ce mini irin wannan ragowar tawa ce, in yi abin da na ga dama. Da safe an saki shanu cikin karan gero, ta fito da goyo a baya da ƙwarya a ka, tana kiran wata saniya mai taurin kai da ta raina tun tana maraƙa. Rana ta bayanta take, ƙurar kofato ta tashi kaɗan. Na murɗa akwati. Ta ji ƙarar, ta waiwayo, ta ja bakin zane ta rufe baki. Can sai ta saki zanen ta fashe da dariya, ta nufo ni tana tafe tana nuna ni da yatsa, har akwatin ya tsaya da kansa. Na liƙe gwangwani na aika tare da sauran.

An fi shekara kafin silimar ta dawo. Ranar da aka nuna ta a filin kasuwar Magariya, ban taɓa ganin taro irinsa ba, har daga Waca da Kwaya an zo a kan jakuna. Ni na ɗaura ƙyalle. Da hoto ya fito sai wuri ya ruɗe, ga wane, ga gonar wane, ga Bawa mahauci yana ratsa kasuwa da cinyar saniya a kafaɗa. Ba wanda ya saurari fassarata, ni ma na daina. Malam, ranar na san abin da aka halicce ni dominsa. Amma sun yanke da yawa. Suka bar gyaɗa da sikeli da buhuna da kumandan yana duba awo. Muryar da ke ciki ba ta ambaci sunan kowa ba, manoma kawai take cewa. Zuwera na zaune cikin mata, ta gaya wa maƙwabta su zuba ido za su gan ta, har aka gama ba ta fito ba. Ni abin ya ci mini rai, ita kuwa a hanyar gida sai tsokana, wai nasara ya ga ta fi gyaɗarsa kyau ne ya ɓoye ta. Na yi mata alkawari zan nemo wurin da aka yanke. Ta ce in bar wahalar da kaina, ai tana da madubi.

Bazarar shekarar sanƙarau ya shigo gari. Da safe ta ce wuyanta ya riƙe, muka kai ta likita, ba ta yi mako ba Allah ya karɓi abinsa. Ba a daɗe da yaye Baturiya ba.

Yau shekara ta uku ke nan. Ni da hoto ne sana'ata, ba ni da hotonta ko ɗaya, ko irin na takarda da ake ɗauka a Zinder ban taɓa kai ta ba, kullum sai in ce wata rana. Abin da ke tsorata ni, fuskarta ta fara kuɓuce mini. Ina tuna tafiyarta, ina tuna hannunta a kan ƙwarya, ina tuna wushiryarta, amma in na ce zan haɗa su wuri ɗaya sai su watse. Baturiya ta fara wayo, tana tambayata kamannin uwarta. In ce mata ta duba ruwan randa, ta ce wannan ai ita ce, ba Umma ba.

Sana'ar ma tana nan kamar babu. Biro, wato ofishin silima, na aiko mini zare jefi-jefi, in an buɗe sabuwar rijiya ko za a yi allura, in ɗauka in aika, shiru. Babu wanda zan zauna da shi mu yi maganar haske da inuwa ya gane ni, wanda ya fi kusa yana Yamai. Ma'aikatan bariki sun ɗauke ni mai wasan yara. Mutanen gari kuwa suna sona, ban musa ba. Ana kirana suna da biki da kokawar kaka. Sun san sarai akwatin ba zare, ni da bakina nake gaya musu, su ce in zo haka nan. Su sa manyan riguna, su jeru, in murɗa, su ji ƙarar, kowa ya tafi da farin ciki, a bi ni da tuwo. Da ina dariya, yanzu sai in ji kamar in yi kuka. Akwai wani tsohon masaƙi a Dungas, Alhassan, wanda babu mai irin saƙarsa a duk ƙasar nan, 'ya'yansa sun koma sayar da atamfa. Duk ranar kasuwa in ya gan ni sai ya ce yaushe zan sa hannuwansa a ƙyalle tun suna motsi. Ga masu haƙar rijiya, ga marina, ga yadda makiyaya ke shigowa gonaki bayan girbi. Duk na gama shirya su a kaina, inda zan tsaya, da wace rana, amma tsofaffin sai tafiya suke ɗaya bayan ɗaya.

To, watan jiya Tsoho ya biyo ta Zinder, ya aiko in je. Bai san Zuwera ta rasu ba, da na gaya masa ya cire hula. Na tambaye shi abin da ake yi da wuraren da aka yanke. Ya ce ba a zubarwa, suna cikin gwangwanaye a wani ɗakin ajiya a birnin Paris, lamba ce kawai a jikinsu, babu suna, kuma da wuya wani ya gane ta in ba wanda ya san ta ba. Ya ce bai san ko ajiyar za ta daɗe ba, don da wannan maganar ƙuri'a da ake yi, ta zama da Faransa ko rabuwa da ita, ba wanda ya san biron da zai rage da wanda za a rufe. Sannan ya ce ya samo mini gurbi a can, shekara biyu, in koyi wanki da yanka da haɗa silima, in dawo ina iya yin abu daga farko har ƙarshe da hannuna. Yana son amsa kafin a buɗe awon gyaɗa.

Malam, na fito daga wurinsa ban san inda nake jefa ƙafa ba. Abu biyu da na fi so a duniya an ajiye mini a gari ɗaya.

Amma ga Inna, mahaifiyata. Yanar ido ta rufe mata gani, sai dai ta bambance dare da rana. Sunan ita ke riƙon Baturiya, gaskiyar kuwa yarinyar ce ke jan sandarta. Da na gaya mata, Allah ya sa alheri kawai ta ce. Tun ranar ba ta ƙarasa tuwonta, kuma na ji ta tana tambayar maƙwabciyarmu ko Faransa ta fi Makka nisa. Yayana Saminu yana fatauci a Kano, ya aiko cewa in tafi abina, a kai masa su. Inna ta ce ba inda za ta, a ƙasar da aka rufe mijinta za a rufe ta.

Na je Dogo-Dogo na gaya wa surukina, Baffa Hambali. Ashe bai taɓa sanin akwai hoton ba. Ya daɗe yana tonon ƙasa da kara, sannan ya ɗago ya ce: "Da hannuna na sa 'yata a kabari. Yanzu kana gaya mini tana can tana tafiya cikin gwangwani a garin nasara, wanda ya ga dama ya buɗe ya kalla?" Ya ce abin da yake so shi ne a ƙone, a bar ta ta huta. Ya ce kuma in na tsallake na tafi, zai zo ya ɗauki jikarsa, don ba zai bar ta hannun makauniya ba. Ban ga laifinsa ba, amma na san in ta shiga ruga, kafin in dawo ta zama tasu. Na yi sallama na kama hanya, har na wuce garke sai na ji ana bina. Goggo ce, mahaifiyar Zuwera. Ta tsaya nesa kaɗan, ba ta dube ni ba, ta tambaya ko a cikin abin ana ganin dariyarta. Na ce ana gani. Ta ce in na samo in aika mata ita kaɗai, za ta zo ko da sunan sayar da mai ne, kada Baffa ya ji.

Na tambayi malamai biyu. Ɗaya ya ce hoton haske ne, kamar na madubi, babu laifi. Ɗaya ya ce addu'a mamaci ke buƙata, ba kallo ba. Na ga kowannensu da gaskiyarsa.

Yanzu ni kaina ban san abin da ke jana ba, sana'ar ce ko Zuwera. Ina tsoron in je ban same ta ba. Ina tsoron in same ta, in ga ba ta kai yadda na riƙe a zuciya ba. Ina tsoron in dawo in tarar an rufe Inna ba na nan. Na fi tsoron in zauna, in tsufa ina murɗa akwati marar zare a bukukuwan mutane, gwangwanin kuma a zubar da shi wata rana ban sani ba. Gyaɗa ta fara nuna. Don girman Allah ka gaya mini abin da za ka yi in kai ne.

Naka, Mai Akwati, Magariya.

Amsa

Ɗan'uwa Mai Akwati, na karanta wasiƙarka sau biyu. Allah ya jiƙan Zuwera, ya sa ta huta, ya raya abin da ta bari. Rubutunka kuwa ba ya buƙatar neman afuwa.

Ka ɗaure abu biyu da igiya ɗaya, shi ya sa ka kasa ɗaga su. Maganar hoto daban, maganar tafiya daban. Bari mu kwance su.

Na fara da hoto. Ban san sana'arku ba, saboda haka na je na tambayi masu aikin majigi na wajenmu. Sun ce mini guntun fim ba dutse ba ne, yadda ya tafi a gwangwani haka zai iya dawowa a gwangwani. Sun ce kuma lambar da ke jiki bin tsari take, kuma kai ka san naɗin da ka aika a ƙarshe, ka san watan. Mace da goyo a tsakiyar shanu, cikin fim ɗin da duk gyaɗa ne, ba ta da wuyar ganewa ko ga wanda bai taɓa ganinta ba. Ina jin abokinka Tsoho bai zurfafa tunani ba ne, ko kuwa son ka zo ya sa ya tsananta. Ka rubuta masa a makon nan, ka kwatanta wurin dalla-dalla kamar yadda ka kwatanta mini, ka bi ta ofishin kumandan don takardar ta yi nauyi. Ka roƙi a aiko maka wanda ake nunawa, da uwar da aka wanko shi daga gare ta, kada a bar komai a can. Shi da bakinsa ya ce ragowar taka ce.

Wannan shi ne amsar surukinka. Tsohon nan ba hoto yake ƙi ba, tsoronsa idon baƙi a kan 'yarsa, kuma tsoro ne na uba mai mutunci. Ka je masa da maganar tafiyarka, shi kuwa abin da ya ji shi ne 'yarsa na hannun wasu. Ka koma ka ce masa so kake ka dawo da ita gida, kuma in ta iso, shi zai faɗi wanda zai gani da wanda ba zai gani ba. Kada ka yarda Goggo ta zo a ɓoye. Na ji tausayinta ƙwarai, amma ba ka da ikon sa ɓaraka tsakanin tsofaffi biyu da ke kukan 'ya ɗaya. Ka roƙa mata a gabansa. In duk da haka ya ce a ƙone, ka nemi alfarma ɗaya, uwar ta gani, a kuma ajiye wa yarinya har ta mallaki hankalinta, don ita ma tana da haƙƙi a fuskar mahaifiyarta. Da wuya ya hana. Maganar malamai biyu kuwa, ban ga inda suka yi karo ba. Ka duba in ya samu, ka yi addu'a ko bai samu ba.

Sai dai ka shirya zuciyarka. Wataƙila gwangwanin ya ɓata. In ma ya zo, kai ka faɗi tsawonsa, kuma babu murya a ciki. Zai nuna wa Baturiya kamannin uwarta, ba zai gaya mata halinta ba. Wannan aikin bakinka ne da na Goggo, kuma ba sai an jira jirgi ba. Ka riƙa ba ta labarin uwarta, har da tsokanarta. Mantuwar da kake tsoro ba cin amana ba ce, kowa da ya rasa nasa ya san ta.

Yanzu tafiya. Ba zan ce kada ka je ba. Ƙasashen nan namu canji na tafe musu, kuma za a nemi masu irin iliminka a rasa. Mutumin da manoma ba sa ƙamewa a gabansa yana da abin da ba a koyarwa a Paris, saura ya samo abin da ake koyarwa. Amma ina ganin ba bana ba. Ka nemi a ɗaga maka zuwa baɗi, ka faɗa musu dalili ba tare da kwana-kwana ba. Ba zan ɓoye maka ba, ana iya cewa a'a, gurbin ya wuce. In haka ta faru, ka tambayi wanda bai kai wannan tsawo ba, ko wanda ya fi kusa. Asara ce, amma irin wadda mutum ke iya ɗauka. Ɗayar da kake tsoro, ta Inna, in ta faru kana can, ba na jin za ka yafe wa kanka.

Cikin shekarar nan ga aikinka. A Kano akwai likitocin ido da ke cire yana, na san tsofaffin da aka jawo da sanda suka koma da ƙafarsu. Ban yi maka alkawari ba, sai sun duba. Inna ta ƙi ƙaura ne, ba ta ƙi magani ba. Saminu ya sauke ku ya ɗauki nauyin jinya, wannan ne rabonsa, ya fi aiko saƙo daga nesa. In idonta ya buɗe, maganar riƙon yarinya ta canza, kuma hujjar Baffa Hambali ta ragu. Sannan ka zauna da Inna ku biyu, ka tambaye ta ra'ayinta kai tsaye. Abin da ta ce maka ba izini ba ne, ba kuma hani ba ne, uwa ce ke gudun tare wa ɗanta hanya. Ka ba ta dama ta faɗi tsoronta. In za ka tafi baɗi, a rubuta maka a takarda cewa su za su dawo da kai, kuma aikinka na jiranka.

Ka ce ba ka san abin da ke janka ba. Za ka sani ba da daɗewa ba. In hoton ya zo, ka gani, ka yi kukanka, bayan wata biyu ka ji har yanzu kana son koyon yanka da haɗawa, to sana'ar ce, ka tafi da zuciya ɗaya.

Kafin nan kada ka zauna. Cikin wasiƙar da za ka rubuta wa Tsoho ka roƙe shi zare, ka kuma yi wa manyan 'yan kasuwar garinku maganar kuɗin zare, waɗanda suka yi ihu ranar da suka ga kansu a ƙyalle. Bukukuwa ka ci gaba da zuwa, tunda ba ka yaudari kowa ba, zumunci ne. Amma zaren farko da ya shigo hannunka, ka hau mota zuwa Dungas. Masaƙin nan ba zai jira baɗi ba.

Ka fara da Dogo-Dogo. Ranar da za ka je, ka bar akwatin a gida, ka tafi da Baturiya, ka bar ta ta riga ka shiga wurin kakanta. Allah ya sanyaya zuciyarka, ya buɗe idon Inna, ya zaɓa maka abin da ya fi alheri.

Ɗan'uwanka, Ɗan Azumi.